Kujerun fata sun koma danƙo bayan wanki, a taimaka da shawara

Lawali Banifandu: Salamu alaikum ƴan zaure, barkanmu da war haka. Don Allah masu mota mai kujerun fata ku taimaka mini. Wata uku ke nan da aka kawo mini Highlander ɗin nan ta 2012 daga Lome. Kujerunta fata ne ruwan madara, ranar da ta iso kamar ba a taɓa zama a kansu ba. Ranar Asabar na kai ta wanki a unguwarmu, na bar ta na tafi cin abinci. Da na dawo sai na tarar da yaron yana ta washe baki, wai ya yi mini aiki na musamman. Kujeru sai sheƙi suke yi kamar an kwara musu man gyaɗa. Daɗi ya kama ni har na ƙara masa dala ɗari. To yau kwana uku, in na zauna riga ta manne, in na tashi ta yi ƙara kamar ana ɓare leda, ƙura kuma ta bi ɗinki duk ta yi ja. Ga wani shuɗi-shuɗi da ya fito a kujerar gaba inda uwargida take zama. Me zan sa?

Hamani Direba: Ikon Allah, Bagobiri da kujerar fata. Kai da ka saba da akumarin jaki, ina kai ina wannan wahala? Kawo makullin gidan ubangidanka in riƙe maka.

Lawali Banifandu: Bazabarme, in manya suna magana bawa shiru yake yi. Je ka gama dambun koptonka ka dawo.

Alhaji Illa Ɗan Tawa: Wa alaikumus salam. Lawali ɗana, ba wani abu ba na, ƙishirwa ta. Hwata in ba ta sha mai ba sai ta bushe ta tsattsage. Mu can Tawa tun muna ƙanana, sirdi da takalma da gahwaka duk man shanu munka ga ana shahwa musu, kuma har jikoki suna gadonsu. Ka biɗi man kaɗe mai kyau, ka shahwa da dare, da sahe ka goge. In ba ka da shi in aiko maka.

Malam Shaibu Baduku: Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki, tunda an taɓo sana'ar gidanmu. Abin da ka faɗa gaskiya ne a kan fatarmu ta gida. Amma fatar da ke cikin mota da wadda nake yanka a Wadata sunansu ne kawai ɗaya.

Tamu, majemi zai jiƙa ta, ya sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, sannan ya tsoma ta a ruwan bagaruwa ta yi kwanaki tana sha. Bayan nan a shafe ta da mai, a murza, a buga har ta yi laushi. Duk wanda ya bi ta bakin kogi wajen Gamkalle ya ga majema suna wannan aiki, ya kuma ji warinsa. Irin wannan fata bakinta a buɗe yake. Ka ɗiga mata ruwa ta shanye, ka ba ta mai ta shanye, launinta ya ƙara duhu, ta yi kyau. Shi ya sa jakar fatar jar akuyar Maraɗi take ƙara kyau in ta tsufa.

Ta mota kuwa fatar saniya ce da aka jeme a masana'anta, mafi yawa da gishirin kurom. Daga nan a fesa mata fenti, a bi bayan fentin da wani siririn rufi mai kama da roba. To abin da hannunka yake taɓawa in ka shafa kujera ba fatar ba ce, wannan rufin ne. In ka zuba mai a kai ba shi da ƙofar shiga, sai ya kwanta a sama yana jiran ƙura. Ɗan abin da ya samu hanya ta ɗinki ko ta tsaga shi ne ma mugun, domin yana shiga ƙarƙashin fentin ya kwance shi, wata rana ka ga yana ɓarewa kamar bawon albasa. Man shanu kuma in ya sha zafin mota a rufe, warin da zai yi sai ka sauke iyali.

Lawali, kafin komai yi wannan: ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a inda yaron bai shafa mai ba, ka jira minti biyu, ka gaya mana abin da ka gani.

Alhaji Illa Ɗan Tawa: To, ɗan gado ya yi magana. Ni dai tsohuwar 504 tawa mai na ba ta, kuma ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Sani Tapisiye: Baba Alhaji, ai na san motar nan, ni na sake ɗinka mata kujerar direba. Leda ce, ba fata ba. Ko kunu ka shafa mata ba za ta kai ƙara ba.

Lawali Banifandu: Na gwada a kujerar can baya wadda take naɗe, bai buɗe ta ba. Ruwan ya tsaya cur kamar ƙwayar tasbaha, na goge bai bar tabo ba.

Malam Shaibu Baduku: Madalla, mai rufi ce. Kusan duk motocin da muke hawa haka suke. Wadda take shan ruwa sai jefi-jefi a motocin alfarma ƙwarai, ita kuma hukuncinta daban. Sani, sauran naka ne.

Sani Tapisiye: Abin da yaron ya shafa maka, ko ban gani ba, man sheƙin taya ne ko na gaban mota, mai silikon. Shi suke da shi a galan, shi suke bi da shi ko'ina. Bai kashe kujerar ba tukuna, amma a cire shi cikin satin nan.

Ka sami inuwa, da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da in ka ɗora tafin hannu a kujera ba za ka ji ɗumi ba. Kada ka wanke fata tana da zafi, ruwan sabulun zai bushe kafin ka goge ya bar zane. Fara da cire ƙura, kuma nan ne mutane suke gaggawa su yi ɓarna. A sa injin zuƙar ƙura mai bakin buroshi, a kwantar da majinginar baya sosai, a buɗa tsakanin mazauni da majingina da yatsu, a bi kowane ɗinki. In ba inji, buroshin fenti sabo mai laushi ya isa, ka riƙa sharowa kana tarewa da tsumma mai ɗan danshi. Ƙurar Yamai yashi ce. In ka ɗora tsumma a kanta ka dirza, daidai yake da ka ɗauko takardar da kafinta yake goge katako da ita.

Sai ka haɗa ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar kaifi, ka kaɗa ya yi kumfa. Da kumfar za ka yi aiki, ba da ruwan ba. Tsumma fari na auduga ko irin mai laushin nan na goge gilas, ka tsoma, ka matse shi har ya daina ɗiga. Ka ɗauki wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka bi shi a hankali kana zagayawa. Inda datti ya shige cikin zanen fatar ka sa buroshin takalmi mai laushi wanda bai taɓa ganin kiwi ba, kada ka danna. Nan take ka bi da tsumma na biyu mai ruwa zalla, shi ma a matse, sannan na uku busasshe. Ka matsa gaba. Silikon ba ya fita a zagaye ɗaya, ka sa ran biyu ko uku, gara ka maimaita gobe da ka dirje yau. In ka gama ka bar ƙofofi a buɗe a inuwa ta sha iska. Ban da shanya ta a rana, ban da injin busar da gashi.

Alamar ka yi daidai: sheƙin zai tafi. Fatar mota mai tsabta ba ta ƙyalli. Duk kujerar da ka ga tana ɗaukar ido, ko sitiyarin da ya yi sumul kamar madubi, gumi ne da maiƙo suka taru.

Lawali Banifandu: Sabulu marar kaifi kamar wane? Omo zai yi in na sa kaɗan?

Injiniya Mutari: A'a, ban da omo ko kaɗan ne. Duba aljihun gaban motarka, in littafinta yana nan. Toyota sun rubuta a ciki: a fara zuƙe ƙura, a goge da tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwan sabulun wankin ulu marar kaifi, kashi 5 cikin 100, a sake gogewa da ruwa zalla, a busar a inuwa mai iska. Kashi 5 cikin 100 shi ne murfi 1 na sabulu a murfi 19 na ruwa. Sun ce a yi haka aƙalla sau 2 a shekara, amma ba da ƙurar Sahel suka yi lissafi ba. Sun kuma yi gargaɗi kada a bar kayan leda ko roba ko abu mai kakin zuma a kan kujera, saboda in mota ta yi zafi suna mannewa.

Dalilin hana omo: akwai ma'aunin tsami da kaifin abu da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, ruwa zalla yana kan 7. Fatar da aka jeme tana ɓangaren tsami, wajen 4 zuwa 5. Omo yana wajen 10, jabel ya fi haka. Duk abin da ya yi sama haka yana cin rufin, in ya kai ga fatar ya busar da ita. In ba ka sami na ulu ba, shamfu na jarirai ɗan kaɗan a ruwa ya fi sabulun wanki nesa ba kusa ba. In kuma da hali, sayi wanda aka yi don fatar mota. Ana samun irin su Sonax da Turtle Wax da Meguiar's a wasu gidajen mai da shagunan kayan mota. Ka duba ka ga na wankewa ne, kada ka ɗauko na shafawa ka ɗora a kan datti.

Ramatu: Ni wata maƙwabciyata ta ce in jiƙa kanwa in goge, wai tana yanke maiƙo.

Malam Shaibu Baduku: Subhanallahi. Ƙanwata, kanwa da toka gidansu ɗaya. Da ruwan toka muke tuge gashi daga jikin fata. Abin da ya iya wannan, me kike zaton zai yi wa fenti?

Abdu Mai Wankin Mota: Salamu alaikum. Ina ta karantawa, na ga an taru a kan yaranmu, bari in faɗi namu. Wallahi sau da yawa ba mu ba ne, masu motar ne. In ka goge wa mutum kujera tsaf ta fito ba sheƙi, sai ya leƙa ya ce ba a yi komai ba, ya hana yaro ko na ruwa. In ka malala masa man taya sai ya ce yawwa. Yaya Lawali da bakinsa ya ce har dala ɗari ya ƙara. To gobe me yaron zai yi wa na bayansa? Kuma bokiti ɗaya ne, soso ɗaya, wanda aka wanke taya da shi, saboda abin da ake biya bai kai a sayi tsumma uku ba. Shawarata, ka ajiye tsummokaranka da kwalbar sabulunka a bayan mota. In ka zo ka ce a wanke waje da tabarmin ƙafa, a zuƙe ƙura, kujeru kuwa ga abin da za a sa, ka tsaya a kai. Ba wanda zai ƙi. Kuma kada ka yarda a shigar da tiyon ruwa cikin mota, akwai wayoyi a ƙarƙashin kujera.

Lawali Banifandu: Abdu ka kama ni, ba ni da ta cewa.

Hajiya Zali: Ni maganar shuɗin nan ce ta tsayar da ni. Lawali, tambayi matarka ko ta shiga motar da sabuwar shadda mai rini wadda ba a taɓa wankewa ba. Shekara nawa ina sayar da shadda, na san halinta. Mai duhun nan, shuɗi da makuba da baƙi, in mace ta yi gumi ko kujerar ta ɗau zafi, sai ta zuba. A jikina ma na gani. Ranar wani biki a Yantala na sa wata shuɗiya fil, muka tsaya cunkoso a gadar Kennedy kusan rabin sa'a, kilim ɗin motar kuma ba ya sanyi. Da na fito, surar zamana gaba ɗaya tana kan kujera, har da zanen aikin da ke bayan rigar. Allah ya taimake ni a daren na sa aka goge da ruwan sabulu, ya fita sai ɗan kaɗan. Wata ƙawata da ta bar nata ya yi wata guda, har ta sayar da motar yana nan. Tun daga ranar akwai farin zane na auduga a motata, duk mai sabon ɗinki sai ta shimfiɗa, ko ta ji haushi. Wandon jins ma haka yake yi, ba mata kaɗai ba, kafin maza su fara.

Lawali Banifandu: Hajiya kamar kina wurin. Ranar Lahadi ta je suna a unguwar Lazare da sabuwar shadda.

Sani Tapisiye: Kuma ta zauna a kan man da aka shafa ranar Asabar, ya taya rinin kamawa. Fara da kujerar nan yau, kada ka kai gobe. Rini yana nutsewa cikin rufin a hankali, kwana uku da sauran dama. Ka bar kumfar ta ɗan zauna kamar minti ɗaya kafin ka goge, ka riƙa juya tsumman zuwa wuri mai tsabta. In ka ga shuɗi a tsumma, aiki na ci. In ka ga ruwan madara a tsumma, tsaya cak, fentin ka fara cirewa.

Hamani Direba: Ɗan esansi a auduga fa? Mu da shi muke cire kwalta a jikin mota.

Sani Tapisiye: Hamani, rabin abincina daga masu wannan dabara nake samu. Esansi, alkol, ruwan goge jan farce, tina ta masu fenti, duk suna cire tabo, su tafi da fentin tare. An taɓa kawo mini Prado, yaro ya yi zane da bik a majinginar baya, layi ɗaya siriri. Uban ya sa ruwan goge farce. Layin ya fita, amma ya bar fari fat kamar faɗin kwano, fatar ta yi kaushi kamar harshen saniya. Sai da na farke ɓangaren na sa wani. Ku tuna lokacin korona a 2020, da kowa yake shafa ruwan kashe cuta a hannu ya kama sitiyari, sitiyari nawa ne suka ɓare? Turaren fesawa ma alkol ne, a fesa a waje kafin a shiga. Man korar sauro kuwa akwai mai narkar da roba, a kula da hannun kujera. Sai farin soson nan da ake cewa na sihiri, shi ma kankara yake yi, ido ne kawai ba ya gani.

Ramatu: Ni da ƴan tsummokin goge jarirai nake bin nawa kullum, yara uku ne a baya. Laifi ne?

Injiniya Mutari: In yaro ya zubar da abu a hanya, ki goge da shi, ya fi a bari. Amma kada ya zama na kullum, don suna barin wani abu a sama mai kama ƙura, wasu kuma da alkol a ciki. In kin isa gida ki bi da tsumma mai ruwa zalla.

Ramatu: To ga babbar. Kujeruna masu ƙananan huji ne. Watan jiya autana ya kifar da gorar fura a kai, na goge sama tsaf. Bayan kwana biyu motar ba ta shiguwa, tsami kamar an buɗe ƙwaryar nonon da ta kwana uku. Har yau in ta sha rana yana tasowa.

Sani Tapisiye: Nonon ya bi hujin ya sauka cikin soson kujerar, gogen sama ba zai kai gare shi ba. Ki kawo a kwance rigar fatar daga kan soson, a wanke soson daban a shanya, in ya ci ƙarfi a canza shi. Aikin yini ɗaya ne. Kafin nan ki zuba bikarbonat a faranti ki ajiye a ƙasan mota da dare, yana rage wari, amma kada ki barbaɗa a kan fatar, zai toshe hujin ya yi fari. Masu irin wannan kujera, in abu ya zube a danna busasshen tawul ya tsotse, kada a shafa, shafawa tura shi ciki take yi. Wajen wanki ma a sa kumfa a tsumma, kada a fesa komai kai tsaye. Hujin da ya toshe a bi shi da tsinken sakace a hankali. Maiƙon kilishi ko na soye kuwa, a zuba masa hodar jarirai ko garin sitaci ya kwana, da safe a share.

Hamani Direba: To bari in ajiye wasa, don Bagobiri ya san ubangidansa ya san aiki. Shekara 14 ina tuƙa motocin aikin raya karkara, Yamai zuwa Tawa ta Dosso da Ƙonni, fiye da kilomita 500, wani lokaci har Abalak. Abin da na gani da idona, sabulu bai kashe kujera kamar rana ba. A Afirilu da Mayu garin nan yana wuce digiri 40, wata rana ya taɓa 45. Mota a rufe a tsakar rana cikinta yana haura 60. Fata in ta sha wannan kullum sai ta ƙanƙance, ta ja ɗinki, ta yi tauri, sannan ta tsage. Duba kowace tsohuwar mota, saman kujerun baya da ke ƙarƙashin gilas da gefen direba su ne suke fara mutuwa. Motoci biyu aka ba mu rana ɗaya, iri ɗaya. Tawa kullum tana ƙarƙashin rumfa ko bedi, da abin tare rana a gilashin gaba, in za a daɗe in yafa tawul a kujera da sitiyari. Ta abokin aikina duk inda ya ga fili nan yake tsayawa. Da aka zo sayar da su, tasa kamar ƙasan tafki a bazara.

Na biyu, yadda ake shiga. Manyan motocin nan masu tsawo, mutum sai ya ɗora duwawu a gefen kujera ya zame ciki, ya fito ma haka. Gefen nan mai tudu shi ne yake fara gogewa. Taka matakala, ka kama hannun da ke sama, ka ɗaga jikinka ka zauna tsakiya. A cire makulli daga aljihun baya. Kuma Lawali, na san ku, ragon layya ba a kujerar baya ake ɗauko shi ba.

Alhaji Illa Ɗan Tawa: Wanga yaro yau ya yi hankali. To amma ina tambaya, in an hana mai, hunturu in ya taho da mi za a tare shi? Leɓen mutum ma tsagewa yakai, balle hwatar da ba ta da jini.

Malam Shaibu Baduku: Nan kam Baba yana da gaskiya, iskar hunturu tana zuƙe danshin komai. Ni abin da nake yi wa tawa, duk sati in bi ta da tsumma mai ɗan danshi, ƙura ta tafi, fatar ta ɗan sha. Bayan wata uku in wanke, in shafa madarar fata ta kanti, mai ruwa-ruwa wadda ba ta barin maiƙo. Kaɗan a tsumma, ba a kan kujera ba, in bar ta kamar minti 15, in goge ragowar. Ina ƙarawa da ɗaya a farkon hunturu da ɗaya kafin zafin Afirilu.

Injiniya Mutari: Malam Shaibu, a nan zan ɗan saɓa maka. Kai da kanka ka ce rufin ba ya barin mai ya shiga. To madarar ta ina za ta bi? Ni a ganina a sabuwar kujera asarar kuɗi ce. Gara mai sa kariya a sama, wanda yake hana rini kamawa ya rage gogayya. Ga shi ma motoci da yawa ba fata ba ce gaba ɗaya, inda ake zama ne kawai, gefe da baya leda ne. Wasu kuma ko ɗiris babu, MB-Tex na Marsandi da SofTex na Toyota duk leda ce mai kama da fata. Mutum yana ta ciyar da leda yana jin daɗi.

Malam Shaibu Baduku: A sabuwa na yarda. Amma wa yake hawa sabuwa a cikinmu? Motar Lawali ta haura shekara goma. Sa tabarau ka dubi kujerar direba, za ka ga ƙananan layuka kamar tafin hannun tsohuwa, rufin ya riga ya buɗe a nan. Ta nan danshi yake fita, ta nan madarar take shiga. Yatsuna sun san bambancin wadda aka shafa da wadda aka bari.

Injiniya Mutari: Mu bar shi a haka, kowa ya riƙe kujerarsa, bayan shekara biyar a gwada.

Hajiya Zali: Ni dai da za ku ji tawa, a ɗinka musu riga a huta.

Sani Tapisiye: Ina ɗinkawa, kuma ina son kuɗin, amma a san abu biyu. Ƙura tana shiga ƙarƙashin riga, in ba a cirewa ana sharewa sai ta riƙa cin fatar a ɓoye, ranar da aka buɗe a yi kuka. Rigar leda mai rufe ko'ina kuma tana tara gumi. Na biyu ya fi muhimmanci: ku duba gefen majingina ta wajen ƙofa, in kun ga an rubuta SRS AIRBAG, akwai jakar iska a ciki da take fasa ɗinkin ta fito in an yi haɗari. In aka rufe wurin da riga mai ƙarfi an ɗaure ta. Dole a bar gefen a buɗe. Duk tapisiyen da bai tambaye ka wannan ba, ɗauki motarka ka yi gaba.

Wani abin kuma sai damina. Wani ya tafi Hajji ya bar mota a rufe, gilas ɗaya bai hau daidai ba, ruwa ya jiƙa kafet. Da ya dawo kujeru sun yi fumfuna fari da kore kamar burodin da aka manta. Mun share a waje da takunkumi a hanci, muka bi da ruwan binegar rabi da rabi bayan mun gwada a ɓoyayyen wuri, muka sake bi da ruwa zalla, muka cire kafet ya bushe. In kafet bai bushe ba, ko sau goma ka goge za ta dawo.

Lawali Banifandu: Jama'a ga rahoto, yau kwana biyar. Na sami shamfu na jarirai da tsumma shida, ni da ƙanena muka yi zagaye uku a ƙarƙashin rumfar gida, kwana uku a jere bayan sallar asuba. Ruwan bokitin farko kamar an dama jar ƙasa. Danƙon ya tafi, sheƙin ya tafi, har uwargida tana tambaya ko kujerun sun koɗe ne. Shuɗin ya ragu sosai, amma in rana ta haska ta gefe ana ganin inuwarsa wajen ɗinkin tsakiya. A zagaye na uku na ga kamar tsumman ya fara ɗaukar ruwan madara, sai na tsaya yadda aka ce. Na kuma gano wata ƴar tsaga a gefen kujerata, tsawon gaɓar yatsa, da man ya ɓoye.

Sani Tapisiye: Ka kyauta da ka tsaya. Kada ka ƙara taɓa wurin. Tsagar tun tana ƙarama ake cike ta a shafa fenti, in ta kai ga soso sai farke. Kawo ta ranar Alhamis bayan la'asar in duba duka biyun. In zan haɗa launi da matashin kai na kujerar can baya zan gwada, shi ne bai sha rana ba.

Hajiya Zali: Ka biyo ta shago ka karɓi farin yadi biyu na madam, in ya so ka ce ni na ce.

Hamani Direba: Dala ɗarin da ka ba yaron fa, a je a karɓo?

Abdu Mai Wankin Mota: Ya riga ya ci shinkafa da wake da ita.

Alhaji Illa Ɗan Tawa: Lawali, man kaɗen na riga na ba direban da ya taso daga Tawa, gobe yana isowa tashar Wadata. Tunda an hana kujera, ka ba ɗiyata ta shahwa ma yara ga ƙahwahu, hunturu ya kawo jiki.